Tayar ciki da tayar waje

Wata uku na yi ina haɗa ƙaramin kan tirela mai tafiya da rimot, sikelin 1/14, wato kashi ɗaya cikin goma sha huɗu na girman babbar mota, a matsayin aikin kammala karatuna. Shasin na alminiyam ne, da hannuna na yanka. Bodi ya fito tsaf, har yaran layinmu suna leƙe ta taga. Ranar da na ajiye ta a siminti na ba ta kwana, sai na ji ƙuuu, tayar gaba ɗaya tana jan ƙasa, motar tana turjewa kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa.

Na ɗora laifin a kan servo, ɗan injin da ke karkata tayoyin. Na sayo wanda ya fi shi ƙarfi, jan ƙasar sai ƙaruwa ya yi.

Wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan manyan motoci na kai wa. Ya kifa ta, ya karkata tayoyin da yatsa, ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa bin shanun huɗa? In suka kai ƙarshen kunya, na ciki a wuri ɗaya yake juyawa, na waje shi ke zagaye. Kai ka tilasta wa naka su juya daidai wa daida."

Gaskiyarsa. Ni a tunanina kyan aiki shi ne tayoyin biyu su karkata da kusurwa ɗaya, shi ya sa na yi hannuwan da tayarod, sandar da ke haɗa tayoyin gaba biyu, ke kamawa a miƙe. Alhali a kwana tayar ciki ƙaramin da'ira take bi, dole ta fi ta waje karkata. Daga baya na karanta cewa tun zamanin keken doki aka warware wannan. Georg Lankensperger, maƙerin kekunan doki a Munich ta Jamus, shi ya ƙirƙiro tsarin, Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818, sai sunan Ackermann ya bi shi. Har yau wannan na ɗan sosa mini rai, don mai aikin ne aka manta.

Gyaran da zare muka yi shi. Ka ja zare daga inda tayar ke juyawa, ya ratsa ta ramin da tayarod ke shiga, ya nufi baya. Zaren dama da na hagu su haɗu a tsakiyar aksil ɗin baya. Tawa aksil biyu gare ta a baya, don haka mahaɗar ta koma tsakaninsu. Da na zauna da lissafi, faɗin gaban motata milimita 150 ne, tsawon zuwa mahaɗar 450. In tayar ciki ta karkata digiri 30, ta waje wajen 26 take buƙata. Digiri huɗun nan ne suka hana ni barci mako biyu.

Na sake yanka hannuwan, na karkata su ciki. Jan ƙasa ya tafi, amma a miƙaƙƙiyar hanya motar ta riƙa rangaji. A nan na fahimci abin da sikeli ke yi wa mai gini: lakon milimita ɗaya a tawa daidai yake da milimita 14 a babbar mota, kuma babu direban da zai yarda ya hau titi da irin wannan. Ramukan da na huda sun yi wa kusoshin yawa. Na sa ƙananan bututun tagulla a ciki, na ƙara tsawon tayarod kaɗan yadda gaban tayoyin zai ɗan kalli juna, ta daidaita.

Da na mayar wa Baba bakanike, toka ya barbaɗa a ƙasa ya ce in zagaya. Sawun tayoyin ya fito zobe cikin zobe, babu inda tokar ta kwashe. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Kawo rimot ɗin nan in gwada."