Habbatus sauda da 'yar'uwarta: inda aka kwana a mako na 12

'Yan'uwa masu koyon zanen tsirrai da busar da su, ga inda aka kwana. Yau mako 12 da na watsa iri biyu na dangin Nigella, kuma sai a makon nan na gano cewa zanen furen da na yi ta taƙama da shi akwai gyara tun daga tushe.

Ga wanda bai bi mu tun farko ba: Nigella ƙaramin gida ne, jinsunansa wajen 20, duka masu shekara ɗaya, su tsiro, su yi fure, su zubar da iri, su bushe. Asalinsu ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne zuwa yammacin Asiya. Linnaeus ne ya tabbatar da sunan a 1753, daga kalmar Latin mai nufin baƙi, saboda launin irin. Nawa su ne Nigella sativa, wato habbatus sauda, da Nigella damascena, wadda ta ci sunan birnin Dimashƙa.

Tsirowa ba ta ba ni wahala ba, cikin mako biyu duk sun leƙo. Garajena ne ya jawo mini asara. Na ga sun cunkushe, sai na tumɓuke shida na sauya musu mazubi, huɗu suka kwanta ba su ƙara tashi ba. Saiwarsu guda ɗaya ce doguwa mai nutsewa ƙasa, ba ta son a taɓa ta. Inda kuke so su zauna, nan za ku watsa irin, in sun yi yawa ku rage.

To, batun furen. Duk wanda ya kalle shi zai ga fallaye biyar, shuɗi ko fari-fari, ya ce ai ga fallayen fure nan. Ni ma haka na rubuta a gefen zanena da fensir. Ashe waɗannan biyar ɗin marufin fure ne, wanda a yawancin tsirrai kore ne, aikinsa rufe furen kafin ya buɗe. A Nigella shi ne ya yi ado ya karɓe aikin jawo ƙwari. Ainihin fallayen kuwa sai da na sa gilashin ƙara girma na gan su: 'yan mitsi-mitsi, na ƙirga takwas, sun yi zobe a gindin zaren da ke ɗauke da garin fure. Kowanne kamar ɗan cokali mai leɓe biyu, na sama ya rufe ramin da ruwan zaƙi yake ciki. Na sa tsinken allura na ɗaga leɓen, ina sakinsa ya koma ya rufe. Na kusa rabin awa ina wannan wasa, har shayina ya huce. Ƙudan zuma ma haka yake yi, sai ya ɗaga murfin kafin ya sha.

Wani abin da ya ɗaure mini kai: wasu furannin damascena masu fallaye ninki-ninki, na duba na sake dubawa, babu 'yan cokulan ko ɗaya. Haka halittarsu take, marufin ya ƙaru, su kuma sun ɓace. Wanda ya fara koyo da irin wannan furen zai rantse ƙarya nake yi, don haka ku nemi mai fallaye biyar.

Tsakiyar furen ma ba ta zama wuri ɗaya. Ranar da ya buɗe, 'yan ƙahonnin da ke kan mahaifar iri a miƙe suke sama, zaren garin fure kuma na buɗewa rukuni-rukuni daga waje zuwa ciki. Bayan kwanaki sai ƙahonnin su murɗe su sunkuyo. In ƙwaro ya kawo gari daga wani furen, falillahil hamdu, in bai zo ba furen ya ɗauki nasa. Shi ya sa zane ɗaya ba ya isa. Na yi uku na fure guda, kowanne da kwanan wata.

Rarrabe su biyun kuwa ba a ganye ake yi ba, don duka ganyensu a tsattsage yake siri-siri, ko da yake na damascena ya fi kama da zare. Ku leƙa ƙarƙashin furen. Damascena na da wani gammo na ganye mai kama da gashi da ya kewaye furen, habbatus sauda ba ta da shi, furenta tsirara yake a kan kara. Sai kwanson iri. Na damascena kumburarre ne, santsi, kamar ɗan balan-balan. Da na yanka shi a gicciye da reza sai ga ɗakuna goma, biyar na ciki da iri, biyar na waje iska kawai. Na habbatus sauda ya fi tauri, jikinsa da ƙuraje-ƙuraje, irin ciki baƙi mai kusurwa uku.

Wajen busarwa har yanzu ban ci nasara ba. Ganye ya kwanta lafiya tsakanin jaridu, amma shuɗin furen ya koɗe, ina zargin jinkirin da na yi wajen sauya takarda. Kwanson damascena da na danne ya fashe ya zama abin tausayi. Yanzu na rataye sauran kai ƙasa a inuwa, zan ajiye su daban a ambulan.

Mako mai zuwa zan murza irin kowanne a tafin hannu in rubuta ƙamshinsa, sannan in sake zanen farko. Wanda ya taɓa busar da shuɗin fure bai koɗe ba, don Allah ya faɗa mini sau nawa yake sauya takarda a kwana ukun farko.