Talata a Agadas, da hoton Inna guda biyu

Sha ɗaya ta gota. Kowa ya shige ɗaki, ni kaɗai na rage a tsakar gidan masaukinmu, lulluɓe da bargo, ina gadin baturan kyamara biyu da na jona. Soket ɗaya ne ke aiki a gidan, mu kuma mu tara ne, in ka matsa wani ya cire naka ya sa nasa. Tunda zaman ya zama dole, bari in rubuta abin da ya faru yau tun bai bi iska ba.

Madugu ya tashe mu tun kafin assalatu. Ba sunansa ke nan ba, direbobi ne ke kiransa haka, mu ma muka ɗauka. Buzu ne dogo siriri, kwana uku muna tare ban ga bakinsa ba, ko shayi ta ƙarƙashin rawani yake kurɓa. Yana jin Buzanci da Hausa da Faransanci, da ɗan Turancin da ya tsinta a bakin baƙi. Ayarin namu kuwa haɗin gambiza ne: mutum huɗu daga Dakar, har da malamin hoton da ya shirya tafiyar, biyu daga Abijan, ɗaya daga Kwatano, wata baiwar Allah daga Legas, sai ni daga Kano. Ba na jin Faransanci, su kuma ba mai jin Hausa a cikinsu. Ranar farko na ɗauka ni ne koma baya a tafiyar. Sai da muka shiga gari na ga ashe ni ne mai kunne, don Hausa ake yi a kasuwa da lungunan Agadas.

Dokokin Madugu uku ne, kullum sai ya maimaita su kafin a fita: kada a ɗauki soja ko shingen bincike, kada a tayar da ɗan jirgin nan na ɗaukar hoto daga sama, kada a ɗauki mace sai an tambaye ta. Biyun farko ba mai wasa da su, don akwai bindiga a bayansu. Ta ukun ba ta da kowa.

Mu da ke sallah muka yi asuba a babban masallaci, sauran suka tsaya a waje suna kafa ƙafafun kyamara cikin sanyi. Cikin masallacin gajere ne, ginshiƙai masu kauri, wasu ƙofofin sai ka sunkuya. Hasumiyar kuwa duk wanda ya taɓa ganin hoton Agadas ya san ta: mita 27 ta zallar ƙasa, faɗi a gindi, tana hawa tana tsukewa, itatuwa sun tsattsago ta ko'ina kamar bayan bushiya. Ko Gobarau ta Katsina ba ta kama ƙafarta a tsawo ba. Madugu ya ce wajen 1515 aka fara gina ta, aka sake ginin a 1844, kuma itatuwan nan ba ado kawai ba ne, su magina ke takawa idan za a yi yaɓe.

Hawan ne wahala. Matakalar tana zagayawa ta ciki, duhu, ga warin jemage, kuma tana matsewa har jakata ta maƙale, sai da na cire ta na tura ta gaba da hannu. Saman ba ya ɗaukar mutane da yawa, uku-uku muka riƙa hawa. Ni dai na isa ina haki, na tarar da hazo ya rufe gari. Rana ta fito fari fat kamar faifai, ba ja ba ruwan zinare. Malamin Dakar ya yi ta ƙorafi a kan haske, Madugu ya ce masa, "Hunturu ne, malam, ba ni na kawo shi ba." Ni kuwa hazon ya yi mini. Soraye ja-ja suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, hayaƙin murhu, wata mata na shara a kan rufin ɗaki, ga fadar Sarkin Abzin nan dab da mu. Na tsaya ina tunanin nan garin Shehu Usmanu ya zo neman ilimi wurin Malam Jibrilu, kuma ni da na sha ratsa unguwar Agadasawa a babur ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina sunan ya fito ba.

Wajen karin kumallo na samu Madugu shi kaɗai yana fifita gawayin shayi, muka taɓa hira. Ya ce akwai lokacin da jirgi ke tasowa daga Faris ya sauka nan kai tsaye, cike da anasara, motoci su yi layi a filin jirgi, kowa na kwasar rabonsa zuwa duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Tawayen 2007 ne ya kashe kasuwar. Wasu abokan aikinsa suka koma ɗaukar matafiya zuwa Libiya har dokar 2015 ta hana, wasu suka bi zinaren Jado da ya ɓulla a 2014. "Kai fa?" na ce. Ya ce ya sayar da mota biyu ya sayi lambu. Ya miƙo mini kofi na biyu bai ƙara komai ba.

Gidan da Bajamushen matafiyin nan Barth ya sauka a 1850, kafin ya ƙarasa Kano a shekarar da ta biyo, mun leƙa shi minti goma muka fito. Ɗaki ne da 'yan takardu a bango. Maƙera ce ta riƙe ni. Wani dattijo na zaune a ƙasa, uwar maƙerarsa ba ta fi dunƙulen hannu ba, kafe a guntun itace, yaro na gefe yana danna zugazugi. Abin wuyan nan na Agadas yake yi, wanda yanzu ya zama ɗaya daga cikin alamomin da aka san Nijar da su. Da kakin zuma yake fara siffanta shi, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. Da ta huce ya fasa yumɓun, abu ya fito baƙi, mummuna, kamar ba zai yi kyau ba. Sai magagari, sai zane da ɗan tsinken ƙarfe, yana riƙe da abin da yatsan ƙafa. Ya nuna mana allo mai ɗauke da iri 21, kowane da garinsa: na Timiya, na Iferwan, na Ingal, na Tawa, na Damagaram. Shi ya saba da kyamara, har yakan dakata da guduma a sama sai ya ji ƙarar ɗauka sannan ya sauke.

Bayan azahar muka shiga lungunan tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A nan abin ya faru. Wata tsohuwa na zaune a bakin zaure tana saƙar tabarmar kaba, hasken rana ya ratso ta gefen bango ya sauka a hannuwanta da rabin fuskarta. Duk mai riƙe da kyamara ya san irin wannan hasken, ba ya jiran kowa. Madugu na can gaba yana amsa waya. Kafin ka ce kwabo mun yi mata zobe, mu tara, wani a tsugune wani a durƙushe, ƙas-ƙas-ƙas kamar ana fasa gyaɗa. Da ni a ciki, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka sau shida.

Ba ta ɗago ba. Sai ta ce wa wata maƙwabciyarta da ke leƙe ta katanga, cikin murya ta yau da kullum, "Ga baƙaƙen anasara sun zo. Su ma masu ɗauka ne, ba masu kawowa ba."

Sauran suka ci gaba da aikinsu, har wani na ce mata ta ɗan juyo. Ni kuwa kamar an watsa mini ruwan randa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar hoton biki a Kano, mata su yi kwalliya su biya ni kuɗi, su ce in jira su gyara ɗankwali. Ko amaryar da na fi sabawa da gidansu ban taɓa ɗaukarta ba ta shirya ba. Na sauke kyamara na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni. A gafarce mu, ba mu yi sallama ba."

Sai a lokacin ta dube ni. "A'a, kai ɗan gida ne? Ɗan ina?" Na ce Kano. Ta ce, "To kai da ka san gaisuwa, me ya kai ka cikin waɗannan?" Ba ni da amsa. Ta ce tun tana da ƙarfinta ake ɗaukar ta a bakin zauren nan, anasara iri-iri, wasu su ba da kado wasu su wuce, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa riƙe foton kanta a hannu ba, in ban da na katin ɗan ƙasa.

La'asar an tsara za mu kasuwar dabbobi, inda ake sa ran raƙuma da ƙura da faɗuwar rana, hoton da kowa ya biya kuɗin tafiyar dominsa. Na ce wa Madugu ni ba za ni ba. Ya dube ni ta tsakanin rawani, ya kira wani yaro mai babur ya ce ya kai ni wurin wankin hoto. Shagon ɗan ƙarami ne, na'ura ɗaya, ga mutane na jiran hoton fasfo. Yaron shagon ya ce dala ɗari, na yi murna da araha, sai da na tuna lissafin nan da biyar-biyar ake yi, dala ɗari sefa 500 ke nan. Wuta ta ɗauke muna tsaka, muka jira kusan awa.

Na koma na miƙa mata da hannu biyu, ina jiran albarka. Ta kai shi nesa da ido, ta matso da shi, ta juya shi. Sannan ta ce, "Wannan tsohuwar fa? Da wannan tsumman zanen za ka nuna ni a Kano?" Maƙwabciyar ta fashe da dariya. Inna ta ce in zauna, ta shige ciki.

Rabin awa na yi a kan turmi, jikokinta na zagaye da ni suna taɓa gilashin kyamara. Da ta fito ban gane ta ba. Ta sa tozali, ta sa 'yan kunne na azurfa masu nauyi, ta yafa baƙin turkuɗi mai ƙyalli wanda ninkinsa ya nuna ya daɗe a adaka, har shunin ya fara taɓa mata goshi. Ta kama gefensa ta ce, "Wannan daga wajenku yake, ɗan Kura ne. Maigidana ya kawo mini, Allah ya jiƙansa." Aka ɗauko kujera, ta zauna tsaf, hannu biyu a kan gwiwa, jikoki biyu a dama ɗaya a hagu, fuska a ɗaure ba murmushi. Hasken nan mai kyau ya riga ya tafi, bangon ya yi toka-toka. Amma wannan aikina ne, na san shi kamar yunwar cikina. Na ce ƙaramin ya sauke hannu daga baki, na ce Inna ta ɗan ɗaga haɓa, na kunna filasha. Na nuna mata a bayan kyamara, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yauwa. Wannan ni ce."

Bayan isha aka yi zaman duba hotuna kamar kullum, kowa ya kawo biyar a haska a bango. Na kasuwar raƙuma sun yi kyau, ba ƙarya, har na ji ɗan ciwo a raina. Ni na sa na Inna duka biyun. Malamin Dakar ya tsaya a kan na farko ya yi ta bayani da hannu, ta Legas na fassara mini: haske, hannuwa, gaskiyar rayuwa, shi ne hoton da ya fi na kowa yau. Da aka zo na biyu ya ɗaga kafaɗa ya ce hoton sitidiyo ne, ba rai a ciki, ya wuce. Ban yi musu ba, don ta fuskar sana'a ya fi ni sani, kuma na farkon ya fi kyau, ni ma na gani. Madugu na tsaye a bakin ƙofa, bai ce komai ba sai da aka watse, sannan ya tambaye ni ko na biyun an wanke. Na ce shago ya rufe.

Gobe ƙarfe biyar za mu kama hanyar Timiya da rakiyar sojoji, kuma ba lallai mu sake kwana a Agadas ba a dawowa. Na tura hoton wayar yaron mai babur, na ba shi jika biyu, ya wanke babba a sa a firam ya kai mata. Ya rantse zai kai. Madugu ya ce ɗan ƙanwarsa ne, in bai kai ba shi ya san inda zai same shi.

Na farkon yana nan a memori, ban goge ba, ban kuma sa shi a Instagram ba. Batir ɗaya ya cika. Na Kwatano ya leƙo sau biyu yana duban soket.