Yau Auta ya tashi a gaban jama'a

Lahadi, da dare.

Autanmu ya ba da shaida a coci yau. Ni ban san zai yi ba, Mama ma haka. Bayan 'yan Sabon Rai sun gama waƙa, Baba Pasto ya tambaya ko akwai mai godiya, sai ga yaron nan ya miƙe daga bencin baya, ya taho gaba hannunsa na rawa.

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ya sha kodin, da gwamnati ta hana shi a 2018 ya yi tsada, sai ya koma tiramol. Sannan ya faɗi abin da ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa: shi ne ya sayar da keken ɗinkin Mama, keken da aka ɗora wa ɗan maƙwabtanmu laifinsa har ubansa ya yi masa dukan tsiya. Mama ta ja gyalenta ta rufe fuska, wata uwa daga Zumuntar Mata ta matso ta riƙe ta.

Karatun yau daga Markus sura 2 ne, labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko a Kafarnahum, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Ƙafafu suka zo nema masa, amma Yesu ya fara da ce masa an gafarta masa zunubansa, daga baya ya ce ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa ya tafi gida. Tun ina makarantar Lahadi nake jin wannan labari, sai yau ya zauna mini. Mu a gida jikin Auta muke ta jinya: rawar hannu, rashin barci, ramar da ta fito masa da ƙashin wuya. Ashe ciwon da ke mayar da shi ga ƙwaya yana can ciki. Ya ce duk lokacin da hankalinsa ya dawo, ihun ɗan maƙwabtan nan yake ji, sai ya nemi abin da zai mantar da shi. Wane likita ne zai rubuta maganin wannan? Sai da ya durƙusa ya furta wa Ubangiji, ya gaskata cewa jinin Almasihu ya isa ya wanke har wannan, sannan ya soma barci.

Bayan sujada wani ɗan'uwa ya ce mini tunda ya sami ceto, a daina kai shi asibiti. Ban yarda ba ko kaɗan. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. A Wusasa ta Zariya coci da asibiti suna kusa da juna, kuma asibitin Galmi a Nijar masu wa'azin bishara ne suka buɗe shi a 1950. Allah ne mai warkarwa, yana kuma aiki ta hannun likita. Auta zai ci gaba da zuwa.

Da yamma ya ce, "Yaya, ki raka ni." Muka shiga gidan maƙwabtan, ya tsuguna a tsakar gida kusa da turmi ya faɗi gaskiya. Maigidan ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Yaron kuwa ya ƙi fitowa daga ɗaki, kuma ban ga laifinsa ba. Auta ya ce zai sake komawa.

Mama ta ce ita ta yafe keken, shi kuma ya dage sai ya biya daga kuɗin waldar da yake koyo. Gobe za mu shiga kasuwa mu ji farashin na hannu. Ku sa shi cikin addu'a, don tsofaffin abokansa har yanzu suna zama a bakin layinmu, kuma ta nan yake bi kullum zuwa wurin aiki.