Sukudireba a hannun ɗalibi

Shekara shida ke nan ina riƙe da ɗakin kwamfuta a wata makarantar sakandare a Kano. Kwamfutoci ashirin da huɗu ne, tsofaffin HP da Dell 'yan gwanjo. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ɗaki irin namu ba ya hutawa, kowane ɗan aji shida yana so hannunsa ya faɗa kafin ranar. Mai gyaranmu kuwa yana Beirut Road. Kafin a rubuta takarda, shugaban makaranta ya sa hannu, a fitar da kuɗin mota, an cinye mako uku.

Abin haushin, yawancin ciwon ba ya kai a kira kowa. Hunturu ya shigo, ƙura ta toshe fanka ko ta shiga gurbin ram, wato ɗan siririn allon nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a cikinsa, kwamfuta ta yi ta kuka tit-tit ba hoto. Ko ɗan batirin nan mai kama da sulalla, CR2032, ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa. Aikin minti goma ne.

Da na gaji, sai na zaɓi ɗalibai biyar na koya musu. A zare wayar wuta tukuna, a danna maɓallin kunnawa ragowar wutar ta fita. A dafa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai, domin ɗan tartsatsin nan da mutum ke ji in ya taɓa ƙofar mota da sanyi ya isa ya kashe ram. A riƙe shi ta gefe, a goge haƙoransa da robar goge fensir. Sannan na kafa wata doka da a lokacin nake ganin hikima ce: duk wanda ya ɓata, shi zai biya.

Wanda na fi ji da shi yaro ne da wansa ke gyaran waya a Farm Centre. Hannunsa kamar walƙiya. Wata rana ya ɗauko ram samfurin DDR2 zai sa a gurbin wani samfurin daban, DDR3. Tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba, an yi haka ne da gangan don kada wani ya shiga gurbin wani. Shi kuwa ya danna da ƙarfi har gurbin ya tsage. Ya rufe akwatin, ya ɗaure, ya ja bakinsa ya yi shiru. Kwamfutar ta ƙi tashi, kwana huɗu ina tsine wa wutar NEPA.

A makon ne wata yarinya, wadda nake ganin ta cika sanyin jiki, ta zo ta tsaya a gaban teburina.

"Malam, sukuru ɗaya ya faɗa ciki, na duba ban gan shi ba. Ban kunna ba."

Muka karkata akwatin muna girgizawa har ya faɗo daga ƙarƙashin babban allon cikin kwamfutar, wanda komai ke jone a jikinsa. Da ta kunna a haka, ƙila da ya haɗa wuta ya ƙone allon gaba ɗaya.

Da na buɗe waccan kwamfutar da ta ƙi tashi na ga ɓarnar, na kira yaron. Kansa a ƙasa ya ce, "Wallahi Malam tsoro na ji, kada a aika wa Baba takardar kuɗi." A nan jikina ya yi sanyi, don ni na koya masa ɓoyewa da bakina. Ranar na soke dokar biya. Na sayo littafi mai layi, kowa ya rubuta lambar kwamfutar da ya buɗe, da abin da ya gani, da abin da ya yi, har da kuskurensa. Littafin a hannun yarinyar yake, tare da mukullin akwatin kayan aiki. Yaron ma yana nan, har yanzu shi ya fi kowa iyawa, sai dai yanzu yana tambaya.

Akwai inda ban yarda su kai hannu ba. Akwatin wutar kwamfuta ba a kwance shi, yana riƙe caji ko an zare waya. Batirin laftof da ya kumbura ma ba abin wasa ba ne, wuta yake kamawa. Sai kwamfutar ofis mai ɗauke da makin jarrabawa. Wannan kam ba hannunsu nake tsoro ba, idonsu ne, kuma ba zan ɗora wa yaro ɗan shekara sha shida jarrabar ganin makin abokinsa ba. In ta lalace, ni da kaina nake rungumarta in hau adaidaita sahu zuwa Beirut Road, in zauna a kan benci har a gama.