Fistin na huɗu

Akwai wani gwangwanin madara a kan tagar shagon ƙofar gidanmu a Tudun Wadan Zariya, fistin uku ne a ciki, kowanne bai kai kan ɗan yatsa ba. Duk ni na lalata su. Na huɗun ne ya yi, shi ne yanzu a cikin ɗan injin tururin da na shafe wata biyu ina fama da shi bayan sallar isha'i, a daren da aka kawo wuta.

Injin sassaƙar ƙarfen nawa ƙarami ne, ƙirar Sin, irin wanda ake ce wa 7x14: ba ya juya abin da ya wuce inci 7 a faɗi ko inci 14 a tsawo. Na hannu na saya. Ranar da na nuna hotonsa ga wani dattijo mai aikin tona, wato sassaƙar ƙarfe da inji, a Sabon Gari, irin waɗanda kanikawa ke kai wa karanshaf, sai ya gyara tabarau ya ce, "Malam, wannan na ɗinki ne?"

Abin ya samo asali daga kakana, wanda ya yi aikin zuba kwal a kan jirgin ƙasa. Zariya mahaɗa ce a lokacin: layin dogo ya isa Kano a 1911, ga kuma ɗan siririn layin da ya tashi daga nan ya hau tudun Jos, wanda aka rufe a 1957. Ban taɓa ganin kan jirgi mai tururi yana tafiya ba, labarinsa kawai na sha a tabarmar tsoho. Shi ya sa na ce bari in ƙera nawa, ko da na ɗorawa a tafin hannu ne.

Mafi sauƙin ƙira na zaɓa, wanda ba shi da bawul. Silindar ce da kanta take rangaji hagu da dama, sai ɗan ramin da ke jikinta ya dace da ramin shigar tururi, ta karkata ya dace da na fita. Tagullar kuwa tsofaffin kawunan famfo ne da guntun sanda da na tsinto wajen 'yan gwangwan, aka auna mini a sikeli.

Ramin silinda ake fara yi. Na huda shi milimita 11.8, na bi shi da rima mai milimita 12, wato ƙarfen da ke daidaita rami ya goge shi, a hankali, ya fito sumul. Dalili shi ne rage fistin ya dace da rami abu ne mai sauƙi, gyara rami ya dace da fistin kuwa wahala ce.

Fistin na farko jahilci ne ya kashe shi. Na auna na ga 12.10, na ce saura 0.10, na tura wuƙar 0.10 cif. Ashe abin da yake juyawa ta kowane gefe ake cinsa, duk abin da ka tura ninki biyu yake raguwa a kauri. Ya fito 11.90, na saka shi a silinda ya zurma kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Na biyu na bar sandar ta leƙo da tsawo daga haƙoran injin, ta riƙa lanƙwasa tana gudun wuƙa, kai ya fi gindi kauri. Na uku ina tsakiyar yanka aka ɗauke wuta. Na ja wuƙar baya cikin duhu, da aka dawo da wutar na manta hannun murɗawar yana da ɗan wasa kafin ya kama, na yarda da lambar da na gani, wuƙa ta nutse. A daren nan ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Washegari na ɗauki gwangwanin na koma Sabon Gari. Na durƙusa na gaishe shi, na zazzage masa su a hannu.

"Baba, ina na kuskure?"

Ya jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, bai ko ɗauki ma'auni ba. "Ɗana, da zafinsa kake aunawa, ko? In ya rage kaɗan, kashe inji ka je ka sha shayi. In ka dawo kada ka ƙara komai, sake bin wurin da wuƙar yadda take. Za ka ga tana ɗebo gari."

Da na dawo gida na yi lissafi don in ga ko tsoho ya faɗi daidai. Tagulla tana buɗewa kusan kashi 19 cikin miliyan a duk digiri ɗaya na zafi. Fistin mai milimita 12 da ya ɗau zafin digiri 30 ya ƙaru da 0.007, wajen kashi ɗaya cikin goma na kaurin silin gashi. A ido ba komai ba ne, amma ni tazarar da nake nema tsakanin fistin da silinda gaba ɗayanta ba ta wuce 0.02 ba.

Na huɗu sai da na sha shayi sau biyu a kansa. Bin ƙarshe ba ɓawo yake fitarwa ba, wani ƙura-ƙura ne mai ruwan zinariya yake sauka a bakin wuƙa. Na goge, na ɗiga mai, na tura shi ya shiga da santsi. Na toshe ɗaya bakin da babban yatsa na fizgo shi, ya ce fot! Sai da uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Dama tana cike da ni, don ɓarɓashin tagulla kamar ƙananan allurai yake, ya bi silifa ya shiga har ɗaki, sau biyu tana cire wa auta a ƙafa.

Tukunyar tururin ban taɓa ta ba tukuna, abin da ke riƙe matsi ba a yi masa garaje. Da iska na gwada, wajen mai facin bakin titinmu. Ya rage iskar sosai, na riƙe bakin tiyo a jikin bututun, na ɗan taɓa filawil, wato faifai mai nauyi da injin ke juyawa, da yatsa. Ya yi tangal-tangal sau biyu, sai ya ɗauka, tik-tik-tik, har silindar ta daina ganuwa sosai. Masu jiran faci suka bar baburansu suka kewaye mu.

Mai facin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To yallaɓai, me yake ja?"

Na ce ba ya jan komai. Ya girgiza kai, ya karɓi tiyonsa, amma ya ƙi karɓar kuɗin iska.