Takardar "a je Kware" ba ta kai kowa Kware

Ga yadda abin ya saba faruwa. A kawo saurayi daga ƙauye ɗaure da igiya, ya kwana huɗu bai runtsa ba, sai surutai. A yi masa allura a sashen gaggawa, ya yi barci, washegari ya natsu. Dangi su ce alhamdulillahi, a ba su takardar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware su kama hanya. Daga nan ake rasa shi, sai an sake kawo shi a ɗaure.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, jihar Sakkwato. Daga Gusau sai an bi ta Talata Mafara, ga kuɗin motar mutum biyu ko uku, ga halin da hanya take ciki. Don haka kafin sallama a tsayar da wurin da za su iya zuwa da gaske, a sa rana cikin kwana 7. In ta dace da ranar kasuwar garinsu ya fi, ranar ce mota ke fitowa. A rubuta sunan mutum ɗaya da zai riƙe magani, da lambar waya biyu, don sabis a ƙauye ba abin dogaro ba ne. In matar aure ce, a yi maganar gaban maigidan: "Malam, ranar Talata kai za ka kawo ta ko wa?"

Inda aka fi yin asara shi ne illar magani. Haloperidol, maganin taɓin hankali, kan sa wuya ya sandare, harshe ya zazzalo, ido ya kafe sama, galibi a kwanakin farko kuma ga samari. Iyalin da ba a gaya wa ba za su ce iska ce ta tashi, su zubar da ƙwayoyin su nufi wurin mai ruƙiyya. Minti biyu sun isa a ce: "Baba, in ka ga haka maganin ne, yana da makari, ku kawo shi nan take." Benzhexol na rage sandarewar, sai dai a ba da shi da ƙidaya, don matasa na shan sa don maye. Ruƙiyya kuwa ba a jayayya a kanta. A ci gaba da addu'a, ƙwaya ma kada a fasa.

Maganin ya kai ranar dawowa har da rarar kwana biyu ko uku. Wanda ke ƙin haɗiya, likita na iya mayar da shi kan allurar fluphenazine ta mako 2 zuwa 4, bayan an gwada ƙaramin awo.

Wanda ya sha fiya-fiya don ya kashe kansa lissafinsa daban. Makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari. Amitriptyline, maganin ciwon damuwa, ba ya fara aiki sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma da yawansa kisa yake, saboda haka na mako ɗaya kawai za a bayar, a hannun ɗan'uwa. Maganin feshi da na ɓera a fitar da su daga ɗaki.

In ranar ta zo ba a gan shi ba, a buga waya kafin la'asar. In ba ta shiga, a aika ta hannun jami'in lafiya na asibitin shan-magani na garinsu.