Gawa ɗaya a garin da ya binne dubbai

Duk mai rubuta ƙagaggen labarin kisan gilla a Injamena, babban birnin Chadi, ta bayan yaƙi, tambayar farko da za ta tare shi ita ce: me ya sa mutuwar mutum ɗaya za ta dami mai karatu? An gwabza a Fabrairun 1979, aka sake daga Maris zuwa Disambar 1980, jama'a suka tsallake ruwa zuwa Kusiri da ke Kamaru. Garin da ya ga wannan, sabuwar gawa ba ta tayar masa da hankali. Dole kisan ya zama na cikin gida, wanda aka lulluɓe da rigar yaƙi.

Dalilin kisan da ya fi kama jiki shi ne amana. Mai gudu ya bar takardar gida ko gwal ɗin matarsa a hannun maƙwabci, ya dawo ya tarar da wani a ɗakinsa. Waɗanda za a zarga kada su wuce huɗu, kowanne da abin da yake ɓoyewa, ko da bai shafi kisan ba.

Wajen hujja ne yawancin marubuta ke zamewa. Bindiga ba ta nuna kowa, domin Kalashnikof ta cika gari. Gawar Musulmi kuma ba ta jiran likita. Wanda aka tsinta da asuba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Saboda haka babban shaida shi ne mai wankan gawa. Shi zai ga shatar igiya a wuya, ko ramin harsashin da bai zubar da jini sosai ba, alamar an harbi mutumin bayan ya riga ya cika. Gawa takan fara sandarewa cikin awa biyu zuwa shida, zafin Afrilu kuma yana gaggauta hakan. Wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata wanda ya rantse ya ga mamacin a sallar asuba.

Mai binciken ma kada a ɗauko ɗan sanda mai ofis da fayil. Mai unguwa, ko mai fito da ya san wanda ya haye da dare, ya fi dacewa. A tuna kuma dangi na iya neman a rufe magana da diyya, abin da ke ba mai binciken kwanaki ƙalilan.

Shekara tana da muhimmanci. A 1980 babu gadar Ngeli mai haɗa Injamena da Kusiri, sai kwalekwale da jirgin fito. Hissène Habré ya shiga birnin ranar 7 ga Yunin 1982 ya karɓe mulki, hukumar DDS, wato 'yan sandan asirinsa, ta zo a 1983. Daga nan yawan tambaya kansa ya zama hatsari, shaidu suka kama bakinsu. Amma ɗora wa DDS kisan a babin ƙarshe ha'inci ne ga mai karatu, wanda ya sha wahalar auna mutum huɗu aka ce masa ba ko ɗayansu.